Jama'a, me za mu kira kulon ɗin faifai (clone, wato kwafin faifan kwamfuta gaba ɗaya) da Hausa?

Ɗan Nima: Salamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya dumsor ta cinye min faifan kwamfuta, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi shikenan inji ya ƙi tashi, ga katin bikin mutane ban gama bugawa ba. Allah ya so ina da wani faifai 1 TB da na saya a Tip Toe Lane wajen Circle a Accra, tun kafin haka na kwashe komai na cikin injin na zuba masa da manhajar Clonezilla har Windows ɗin kanta, sai kawai na ɓalle shi daga gidansa na sa a gurbin mataccen, ko shayina bai huce ba na koma aiki. Yaron shagona ya ce Oga meye sunan wannan da Hausa, na yi tsuru-tsuru. Bakof dai muna cewa ajiya, to wannan fa da ke tayar da inji shi kaɗai?

Hajiyar Mamobi: Tagwai mana, Hasan ya mutu Usaini ya karɓa.

Ɗan Nima: Hajiya tagwaye tare suke girma ai, shi kuwa wannan ranar da kika yi shi nan ya tsaya, aikin da kika yi washegari bai san da shi ba.

Baba Direba: Ku bar wahalar da kanku, safaya ce, taya ta fashe ka ɗaura wata.

Malamin Aboabo: Baba safaya ta yi kusa, amma iska ce kawai a cikinta. Ni a ganina na'ibi ne. Liman bai fito ba, wa ke shiga gaba? Wanda ya haddace abin da liman ya haddace, ba sai an tsaya koya masa Fatiha ba. Ajiya kuwa kamar littattafan liman ne a akwati, suna nan lafiya lau amma ba su iya jan salla.

Ɗan Nima: Kai Malam, Allah ya ƙara ilimi, wannan ta zauna daram!

Ɗan Asawase: Na yarda amma a gaya wa mutane na'ibin nan akwai ci. Clonezilla ba ya son faifan da ya gaza na asali girma, kuma wanda aka rubuta masa 1 TB ɗin ma 931 GB Windows ke nuna maka. Sannan duk ranar da ka sabunta shi sai ya shafe na da, hoton da ka goge bisa kuskure shi ma ya goge, har bairos yana ɗauka. Ni hotuna da bidiyon suna na kwashe su zuwa wani faifan daban, injin ya rage nauyi, faifan SSD mai 256 GB ya ishe shi, shi ma na'ibin haka. Masu Mac kuma tun fitowar tsarinsu na macOS Big Sur a 2020 yin kulon ya zame musu jan aiki ko da manhajar Carbon Copy Cloner.

Hajiyar Mamobi: To in zan yi shi me zan ce, zan na'ibta?

Malamin Aboabo: A'a Hajiya, naɗawa ake yi. Ki ce na naɗa wa kwamfutata na'ibi.

Ɗan Nima: Shikenan an gama, na'ibi. Yanzu dai nawa ya zama liman ba shi da kowa a bayansa, gobe da sassafe sai Circle in nemo wani faifan.