Neman shawara: furen Heuchera yana mutu min ɗaya bayan ɗaya a Garwa

Maman 'Yan Biyu, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin shuka ku agaza min. Ƙanena ya zo daga Yawunde watan jiya, ya kawo min tsarabar fure guda 6 a 'yan ƙananan robobi, a jikin takardar an rubuta Heuchera. Ganyen ne ya tafi da ni: wani ja kamar zoɓo, wani ruwan zuma, bakinsa a lanƙwashe kamar an yi masa aikin hannu. Na dasa su a tsakar gida, jikin katangar da rana ke duka daga azahar har la'asar. Na matsa su kusa da juna, taƙi ɗaya tsakani, don wurin ya cika da wuri, na kuma tura ƙasa har wuya saboda kada iska ta kayar. Ruwa safe da yamma ba na fashi. Yanzu biyu sun tafi. Da na ja ɗaya sai ganyen ya biyo hannuna, gindin ya yi baƙi, ya yi laushi, har da wari. Matsi ne ya kashe su? Tazara nawa ya kamata? Wallahi abin ya dame ni, ga bazara ta kunno kai.

Mai Lambu, Ngaundere:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tazarar ita ce santimita 30 zuwa 45. Ba sai kin nemi abin awo ba, ki yi kamu ɗaya da hannunki, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Kowane yana buɗewa ya yi tumbi kamar an kife kwano, in sun matsu iska ba ta ratsa su. Amma ba matsi ne ya kashe biyun nan ba, binnewa ce da yawan ruwa. Wurin da ganye ya haɗu da saiwa dole ya zauna daidai da fuskar ƙasa, kina ganinsa da ido. Da zarar ƙasa mai danshi ta rufe shi, ruɓa ya fara. Yau ɗin nan ki sa yatsa ki janye ƙasar daga wuyan huɗun da suka rage. Kafin ki ba da ruwa, ki soka yatsa gaɓa ɗaya. In akwai danshi ki bari sai gobe. Kuma a gefe ake zuba ruwan, ba a tsakiyar ganye ba.

Malamin Gona, Garwa:
Mai Lambu ya faɗi gaskiya, amma Hajiya ki tuna shi yana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000, mu kuwa muna kwarin Binuwai inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Wannan fure asalinsa Arewacin Amurka ne, a gindin itatuwa da tsagin duwatsu yake fitowa, inda ruwa ba ya kwanciya. Turawa na ce masa ƙararrawar murjani saboda 'yan furanninsa da ke reto a kan dogon kara. Irin da ya fi jure zafi shi ne mai jinin Heuchera villosa, na kudu maso gabashin Amurka, kamar wanda ake kira Caramel. Mai ruwan zuman nan naki zai iya zama shi, ki fi sa masa ido.

Shawarata ki fitar da su daga ƙasa gaba ɗaya. Ki samu tukwanen ƙasa, ki huda gindin kowace, ki haɗa yashi da ruɓaɓɓen takin shanu da ya daɗe da hucewa da ƙasar lambu. Kowace tukunya fure ɗaya. Tukunyar ƙasa tana sanyaya saiwa yadda randa ke sanyaya ruwa, roba kuwa dafa ta take yi. Ki ajiye su inda za su sami hantsi kaɗan, kafin ƙarfe 10 inuwa ta rufe su. Da damina ki ja su ƙarƙashin rumfa.

Inna Hajja, Marwa:
'Yata, ni dai zan gaya miki abin da ke raina. Ki yi ƙoƙarinki, amma kada ki ɗora rai a kansu, zafinmu ba nasu ba ne. In ganye mai launi kike so, ki nemi Coleus wurin masu sayar da fure. Reshe ɗaya a kofin ruwa yake yin saiwa, kuma yana zama lafiya a inuwar darbejiya.

Abban Sadiya, Injamena:
In za ki rufe saman tukunya da ɓawon gyaɗa don riƙe sanyi, kada ya taɓa wuyan, kuma ki riƙa dubawa saboda gara. Ki ɗora tukwanen kan bulo.

Maman 'Yan Biyu, Garwa:
Allah Ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Bayan la'asar na tone su. Ɗaya ya riga ya fara baƙi a gefe, ukun kuwa saiwarsu fara tas. Na sayo tukwane huɗu, suna nan gindin mangwaro kan bulo, kamu ɗaya tsakaninsu. Inna, na ji maganarki, zan nemi Coleus ɗin ma. Malam, shi mai baƙin gefen nan in yanke wurin da wuƙa ne, ko in bar shi haka?

Malamin Gona, Garwa:
Ki yanke da wuƙa mai tsabta har ki tarar da fari, ki bar shi ya sha iska a inuwa kafin ki mayar. Tukunyarsa ki ware ta daban da sauran.