Wuƙa ɗaya ta ishi mafarauci, ko sai da ta fiɗa daban?

Matashin maharbi, Ningi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Akwai maganar da ake yawan faɗa a cikinmu wadda ni ban yarda da ita ba. Wai mafarauci na ƙwarai wuƙa ɗaya ta ishe shi, doguwa mai tsini, da ita zai yi yanka, ya feɗe, ya fasa ciki, ya daddatsa nama. A ganina doguwar wuƙa ta yanka ce kawai. Fiɗa da fitar da kayan ciki aikin gajeriya ne, wadda ruwanta bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba, bakinta ya lanƙwasa, tsininta ya sunkuyo ƙasa. Dalilina shi ne, idan za ka buɗe cikin gada, kifar da ita kake yi ta baya, ka ɗan tsaga fata a ƙasan ƙirji, ka zura yatsu biyu su danne tumbi, ka sa wuƙa a tsakaninsu kaifinta na kallon sama. Gajeriya tana bin yatsun nan. Doguwa kuwa tsininta ya riga yatsunka yin gaba, kafin ka ankara ka huda tumbi ko hanji, toroso ya malale a kan nama. Wanda ke da ja ya fito da hujjarsa.

Tsohon mafarauci, Birnin Gwari: Wa alaikumus salam. Yaro, hannu ne ke fiɗa. Tun kafin a haife ka muke bin dawa da wuƙa ɗaya a ƙugu, kuma ba mu dawo gida da nama mai wari ba. In za ka yi aiki mai laushi da doguwa, ba a ƙota ake riƙe ta ba. Matso da hannu kake yi gaba, ka ɗora manuniya a gadon bayanta kusa da tsini, abin da ya rage a waje bai fi tsawon ɗan yatsa ba. To ga gajeriyarka nan ta samu. Amma kai in ka riƙe gajeriya, ta yaya za ka mai da ita doguwa ranar da mazo ya faɗi da sauran ransa yana harbin iska? Ƙahon gada ma da kake raina, in ta fizge ta same ka a hannu sai an ɗinke. Kuma wanda zai wuni yana tafiya a rani da bindiga da gora da adda, kowane ƙarin ƙarfe nauyi ne.

Matashin maharbi: Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa ƙwarewarku ba. Amma riƙon nan da ka faɗa, a kan kaifi tafin hannu yake kwanciya, ga jini ga kitse yana santsi. Ku kun saba. Wanda bai saba ba fa?

Tsohon mafarauci: Wanda bai saba ba ya zauna kusa da wanda ya saba. Haka muka koya.

Majemi, Kano: Ku ba ni dama in sa baki, don ni ne nake ganin abin da wuƙa ta yi bayan kowa ya watse. Baba, da girmamawa, nama ba ya tona asirin mai fiɗa, fata ce ke tonawa. Ana kawo mana fata, ka duba ta ido ka ce lafiya lau. Sai an jiƙa ta, an cire gashi, an sa ta cikin ruwan bagaruwa, sannan ka ɗaga ta a rana ka ga layi-layi inda haske ke ratsowa. Wuƙa ce ta shiga rabin kaurin fatar ba ta huda ba. Dukawa na ja ta a wurin, sai ta yage. Irin wannan tabon ya fi huji ɓarna, domin huji ana ganinsa a kewaye shi, shi kuwa ɓoye yake. Kuma mafi yawansa daga wuƙa mai tsini yake fitowa, musamman mai baki biyu irin wadda ake ɗaurawa a damtse. Waccan makami ce, ba a yi ta don fiɗa ba.

Ku duba wuƙar fiɗa ta mayanka. Bakinta a lanƙwashe yake, kanta a zagaye, da ƙyar za ka ce tana da tsini. Ba ado ba ne. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi da duniya ta sani, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda a da ta can ayari ke bi da ita, darajarta tana faɗuwa ne da yankan wuƙa ɗaya a tsakiyar baya.  Don haka ni ina bayan matashin nan.

Tsohon mafarauci: Malam majemi, ka faɗi gaskiya a kan tabo. Amma ka tambayi kanka, gada da wuƙa ake feɗe ta? Zagaye ƙafafu kake yi, ka tsaga ta cikin cinya, ka rataye ta a reshe, sauran aikin na dunƙulen hannu ne. Kana ja da hagu kana tura naushi da dama tsakanin fata da nama tun jikinta da ɗumi. Wuƙa sai inda tantani ya riƙe. Zomo kuwa kamar tuɓe riga ne. Wanda ya cika fata da yanka, gaggawa ce ta yi masa yawa, ko ya bari ta huce. Ban da haka ma, yawancin ƙananan namun da muke kamawa, gyazbi da zomo, babbaka ake yi, fatar ba ta zuwa wurinku.

Majemi: Wannan haka yake a ƙaramar dabba. Babba fa, wadda ba ta ratayuwa, sai a ƙasa? Nan dole wuƙa ta yi tafiya mai nisa a ƙarƙashin fata.

Malamin makarantar allo, Maraɗi: Kafin ku yi nisa a fata, a tuna da abin da ya halatta naman. Dabbar daji da aka riske ta da cikakken rai, kuma ana iya kama ta, sai an yanka ta. A mazhabarmu ta Malikiyya ana yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, ta gaba, ba tare da an ɗage hannu an dawo bayan jinkiri ba. Ya kuma tabbata a hadisi cewa mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Shari'a ba ta ƙayyade tsawo da santimita ba, duk abin da ke zubar da jini ya isa, ban da haƙori da farce. Sai dai hankali ya nuna cewa wuyan babbar dabba yana son ruwan wuƙa mai tsawo don a gama da ja ɗaya ko biyu. Abin da nake so ku lura da shi: wuƙar da ta wuni tana saran reshe, tana datsa ƙashi, ita ce za a ɗora a wuyan dabba mai rai? Wannan a wurina hujja ce ta a ware wuƙar yanka, a bar ta a kube da kaifinta, a yi sauran aiki da wata.

Matashin maharbi: Allah gafarta Malam, ka ba ni hujjar da ban zo da ita ba.

Tsohon mafarauci: Malam, mu ma ba ma saran ice da wuƙa, aikin adda ne. Ƙashi kuma ba a sara, gaɓa ake nema a yanke jijiya a murɗe. Dutsen washi yana cikin burgamina kullum.

Maƙeri, Zariya: Baba ya kawo mu inda nake jira, wato kaifi. Kuna ta gardamar tsawo, alhali doguwa da gajeriya duk banza ne in ƙarfen ba na kirki ba ne. Abin da ke sa ƙarfe ya riƙe kaifi shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa da kuma yadda aka hore shi. Rodin gini ba shi da isasshe, za ka ƙera shi ya yi kyau a ido, ka feɗe rabin dabba ya dakushe. Sifirin ɗin mota yana da kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari, yana da juriya, ba ya saurin karyewa, shi ya dace da doguwa. Tsohon magagari kuwa nasa ya kai wajen kashi 1, kaifinsa kamar ba ya ƙarewa, amma yana da gautsi, don haka gajeriyar fiɗa ake yi da shi.

Horon kuwa ga yadda yake. Bayan an gama ƙira, sai a mai da wuƙar wuta a zuga har ta yi ja, a kara mata maganaɗisu. In ya daina kama ta, zafi ya kai wajen digiri 770, sai a ɗan ƙara kaɗan a tsoma ta cikin mai. Ruwa yana sanyaya irin wannan ƙarfe da gaggawa har ya tsage. Daga nan ta yi tauri amma ta faɗi a dutse za ta iya karyewa, don haka sai a goge ta ta yi fari, a sake ɗumama ta a hankali daga gadon baya, ana kallon launi yana tafiya zuwa baki. Da ya yi ruwan karan dawa busasshe sai a tsaya. In aka bari ya yi shuɗi, ta yi laushi. Wannan mataki na biyu shi ne masu ƙirar kasuwa da yawa ke tsallakewa don sauri. In za ku saya, ku goga magagari a bakinta. In ya ci ta da sauƙi, ku ajiye.

Mahauci, Jos: Maigida maƙeri, ba na raina aikinku, amma a faɗa wa yaron nan aibin baƙin ƙarfe. Jini ya kwana a kansa, da safe tsatsa. A sa shi a kuben fata da danshi, haka. Mu da muke fiɗa kullum da yawanmu mun koma farin ƙarfe, wanda aka haɗa da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari shi ya sa ba ya tsatsa da wuri. Masu arha na kanti ba sa riƙe kaifi, na yarda. Amma akwai na ƙwarai. Ƙananan wuƙaƙen Mora na ƙasar Suwidin ruwansu wajen santimita 10 ne, daidai abin da matashin ke nema, kuma suna yin na baƙin ƙarfe da na fari. Abin da ba zan ba shi shawara ba shi ne mai naɗewa. Na san wata mai naɗewa da ake kira Buck 110 ta yi suna a Amurka tun 1964, amma jini da gashi suna shiga mahaɗinta, wankewa a dawa inda ruwan sha ma ake tattali ba ƙaramin aiki ba ne.

Maƙeri: Tsatsa maganinta tsumma da ɗigon man gyaɗa. Kuma tawa ko a dutsen bakin rafi ka wasa ta za ta tashi. Farin ƙarfe mai tauri ka gwada shi a wannan dutsen ka gani.

Mahauci: Nan kam ka fi ni.

Likitar dabbobi, Bauchi: Sannunku iyaye. Babu wanda ya yi maganar ƙota, kuma ita ce ta fi damuna. Ƙotar ice da ta tsage, ko wadda aka naɗe da fata ko tsumma, jini yana shiga ya zauna, wanki ba ya kai masa. Ku nemi wadda ƙarfen ya ratsa ta har ƙarshe aka daddanne da ƙusa, babu rami, kuma tana da ɗan tudu da zai tare yatsa kada ya zame kan kaifi. Yanka a hannu lokacin fiɗa shi ne ƙofar cuta. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, daga ɓeraye yake zuwa, kuma masu kama su suna gyarawa suna cikin haɗari. A Yulin 2023 an tabbatar da cutar antaraks, mai kashe dabbobi tana kuma kama mutane, a wata gona a Suleja. Dabbar da kuka tsinta a mace, ko jini na fita ta hanci da dubura, kada wuƙa ta taɓa ta, doguwa ko gajeriya.

A kan asalin gardamar, ina ganin wuƙa biyu ta fi don wani dalili daban. Wadda ta bi ta gashi da ƙasa ta kwaso datti, bai kamata ita ce za ta shiga cikin nama ba sai an wanke. A zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ƙwayoyin cuta ba sa jira. A fitar da kayan ciki nan take, a cire maɗaciya daga hanta a hankali, a kula da mafitsara, a sa kara a buɗe ƙirji iska ta shiga, a inuwa. Baba, ina roƙon a riƙa tuna wa matasa cewa Yankari, da aka keɓe tun 1956, da sauran gandun daji ba wurin farauta ba ne, kuma barewa ta yi ƙaranci ƙwarai.

Tsohon mafarauci: 'Yata, maganar gandu da ta mushe na karɓa, haka muke faɗa musu, har da barin mai ciki da mai shayarwa. Maganar ƙota ma gaskiya ce. Amma a kan wuƙa ina nan inda nake. Yaron da aka ba wuƙa biyu tun farko ba zai koyi sarrafa ko ɗaya ba. Ya fara da ɗaya matsakaiciya, mai baki ɗaya, kamar taƙi guda, ya yi shekaru da ita har ya san ta a duhu. Bayan nan in ya ga dama ya ƙara.

Matashin maharbi: Baba, taƙi guda mai baki ɗaya ai ba ita ce doguwar da ake cika baki da ita a dandali ba. A kan wannan ba mu yi nisa da juna ba. Amma zan ci gaba da ɗaukar gajeriyar, nauyinta bai kai na harsashi biyar ba. Maigida maƙeri, ina da tsohon magagari babba. Zai yi?

Maƙeri: Zai yi in ba irin na yanzu ba ne da samansa kawai aka taurara. Kawo shi in fara gwada bakinsa a wuta. Ka zana siffar da kake so a kwali, ka yanke, ka riƙe a hannunka ka ji ko ƙotar ta cika maka tafi, sannan ka zo da kwalin.