An cire filasta, yatsu sun ƙi lanƙwasuwa

Ɗan Mokoyo: Salamu alaikum. Injin matse gyaɗa ya kama hannun ƙanena a wurin aiki. Ƙashi ya haɗe, amma ko maɓallin riga ba ya iya sawa. Mai gyaran gargajiya ko asibiti? Diyya fa?

Inna ta Tibiri: Sannu ɗana. Kar a bari a murɗe masa shi da ƙarfi. A kai shi wajen kine, masu motsa gaɓoɓi a asibiti, su koya masa kama cokali, ɗaure zariya, murza tuwo. Kaɗan-kaɗan, kullum. Haka aka yi wa nawa.

Malam Direba: In ubangidansa ya yi masa rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata, shi zai kai rahoton hatsarin, kar ya yi jinkiri. Ku adana takardar likita, a rubuta abin da hannun ya kasa yi. Da ita ake lissafin diyya.

Ɗan Mokoyo: Rajistar ce matsalar, Malam.