Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara: a ina maganar nan ta dace?

Ɗan Jahun:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar nan, "kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara", ina son a warware min ita. A garinmu an yi kwalbati a hanyar kasuwa, ruwan farko ya zo ya cinye gefenta. Da matasa suka yi ƙorafi, sai wanda ya tsaya kan aikin ya jefa musu wannan magana, kowa ya yi tsit. Abin ya tsaya min a rai, don ina ganin an kai ta gidan da ba nata ba.

Baba Manomi, Kura:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi gaskiya. Daren da wata ya tsaya, ka je bakin masallaci bayan magariba ka ji. Wannan ya ce ya yi siriri, wancan ya ce ya karkace, wani ya ce ai wannan babba ne, na jiya ne. To, waɗannan ake ba amsa. Magana ce ta abin da hannu ba ya kaiwa: ruwa ya yi jinkiri, an haifa maka mace kana son namiji, an halicce ka gajere. Kwalbati kuwa hannu ne ya gina ta da kuɗin jama'a, hannu ne zai gyara ta. Wanda ya faɗa muku haka rufe muku baki kawai ya yi.

Magini daga Bichi:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda gaba ɗaya ba. Mu masu aikin hannu mun san wanda ake gaya wa. Kana kan katanga rana na dukanka, wani yana inuwa yana cewa layin nan bai miƙe ba, alhali bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Wannan ai sai ka ce ya hau ya gyara. Ba cewa kake aikinka na Allah ne ba, cewa kake suka ta fi aiki sauƙi.

Malamin Kimiyya, Ringim:
Yallaɓai magini, ina jin zafinka, amma mu dubi watan kansa tukuna, don a nan amsar take. Abin da ya sa maganar ta yi ƙarfi shi ne wata bai taɓa tsayawa ba daidai ba. Mai rainawa ne bai san lissafinsa ba.

Ku ɗauki daren bakwai ko kusa da shi, lokacin da ya zama rabi. Da yawa suna ganinsa kamar an sa wuƙa an yanke, har yara a aji sukan ce min inuwar duniya ce ta rufe ɗaya ɓangaren. Ba haka ba ne. Inuwar duniya tana hawa kansa ne kawai a husufi, shi kuwa husufin wata ba ya faruwa sai ya cika, a tsakiyar wata. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake ara, kuma kullum rabinsa da ke fuskantar rana a haske yake. Abin da ke canzawa shi ne yawan abin da mu muke hangowa daga wancan rabin. Daga sabon wata zuwa sabon wata kwana 29 ne da sa'a 12 da minti 44. Idan ya ci kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tafiya, sai ya zamana rana na gefe guda, mu muna kallonsa daga wani gefen, shi ya sa muke ganin rabin fuska a haske, rabi a duhu, da layi miƙaƙƙe a tsakani. A aji nakan rufe tagogi, in ba yaro lemo ya riƙe a gabansa, in haska tocila daga damansa. Nan take kowa ya ga rabin wata a hannun ɗan'uwansa.

Rabin farko yana fitowa wajen tsakar rana, da la'asar ma mai lura zai gan shi fari-fari a gabas. Da magariba yana tsakiyar sama, gefensa mai haske yana kallon yamma inda rana ta faɗi, sannan ya faɗi wajen tsakar dare. Rabi na biyu, wajen daren ashirin da biyu, ya juya lamarin: sai tsakar dare yake fitowa, haskensa na kallon gabas, da hantsi kuma ka gan shi a yamma bai faɗi ba.

Karkatar da ake kuka da ita ma tana da ƙa'ida. A ƙasarmu jinjirin watan bazara yakan zauna kusan daidai, ƙahonninsa biyu a sama. Na ƙarshen damina kuwa yakan jingina gefe, saboda hanyar da rana da wata suke bi a sama ta kwanta wajen kudu a wannan lokacin. Ko rabin wata, a watan Maris da magariba ɗan arewa da saman kanka yake, a Satumba kuwa sai ka dubi kudu.

Gwaggo Mai Fura, Gumel:
Malam, Allah ya saka. Mu ba mu yi boko ba amma da shi muka tashi. Kafin agogon waya, in wata ya kwana bakwai, faɗuwarsa ita ce dare ya raba, 'yan mata su bar dandali. Kuma hasken daren bakwai ba ya isa ki tsince tsakuwa a gero, sai dai ki ga hanya. Na goma sha huɗu kuwa har sussuka muna yi a cikinsa.

Abin da ba ku taɓo ba shi ne bakin da ya kamata maganar ta fito. Babba ke gaya wa yaro, ko tsara da tsara. In amarya ta yi tuwo uwar miji ta ce ya yi ruwa, ta buɗe baki ta ce a hau a gyara, ai ta yi rashin kunya. Amma in dangin miji suka zo barka suna cewa jaririn ya cika baƙi, ko hancinsa kaza, ni da kaina nakan faɗa musu, kuma ba wadda ta taɓa mayar min.

Malamin Kimiyya, Ringim:
Gwaggo, idonki ya auna daidai. Mutum zai zaci rabin wata rabin haske ne, amma bai wuce kashi ɗaya cikin goma na hasken cikakke ba. Dalili, rana tana dukansa ne a kaikaice, duwatsu da ramukansa suna jefa dogayen inuwoyi. Wannan ne kuma ya sa daren rabi ya fi kowane dare daɗin kallo da madubin hangen nesa: ka bi layin da ke tsakanin haske da duhu, za ka ga bakin ramuka zuru-zuru. Ta wannan layin Galileo na ƙasar Italiya ya gane a 1609 cewa wata ba sumul yake ba. Daren sha huɗu, duk da kyansa, haske ya shafe komai.

Almajirin Zaure, Birnin Kudu:
Allah ya gafarta malamai, ga ɗan abin da muka karanta. Rainin tsayuwar wata tsohon hali ne. A Sahihu Muslim, wasu matafiya zuwa umara sun ga jinjirin wata, wasu suka ce ɗan kwana uku ne, wasu suka ce biyu. Da suka tambayi Ibnu Abbas, Allah ya yarda da shi, sai ya nuna musu cewa na daren da suka gan shi ne. Har yau in Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, washegari sai ka ji masu auna girmansa da ido suna yanke hukunci. A Suratu Yasin, aya ta 39, Allah ya ce ya ƙaddara wa wata masaukai har ya koma kamar tsohon zangarniyar dabino, mutanen Dutse sun san yadda take lanƙwashewa in ta bushe. Shi ma rabin ya zo a hadisin Abu Huraira, da ake zancen Lailatul Ƙadri, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wa zai tuna lokacin da wata ya fito kamar rabin akushi. Duk mai fita tahajjud a goman ƙarshe ya ga wannan siffa a gabas. Don haka ina tare da Baba: abin da aka ƙaddara ake nufi.

Ɗaliba daga Kazaure:
Tambaya gare ni. Tunda mutanen Amurka sun hau a 1969, mutum 12 sun taka shi zuwa 1972, maganar ba ta tsufa ba?

Baba Manomi, Kura:
'Yata, sun hau, sun kwaso duwatsu sun dawo. Daren bakwai bai zama na takwas ba saboda su. Hawa rabin sharaɗin ne, saura gyara.

Magini daga Bichi:
Na ji hujjojinku, kuma kan kwalbatin Jahun na sallama, don mai kuɗin aiki yana da bakin magana, jama'a kuwa su ne masu kuɗin. Amma ɗan zaman inuwa da ba nasa ba ne ginin, ba shi ya biya ba, ba kuma zai ɗauko min bulo ɗaya ba, har gobe zan gaya masa.

Gwaggo Mai Fura, Gumel:
Gaya masa, ɗana, in tsaranka ne. In ya girme ka, ka ce masa "to Baba, an ji", ka sa igiya ka auna layin a gabansa.