Masu yara masu alajin abinci mai tsanani, ya kuka yi da cin abinci a manyan wuraren wasa lokacin hutu?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Ɗana shekararsa 7, jikinsa ba ya karɓar gyaɗa da kashu. Ba borin jinin da ake shan magani ya lafa nake nufi ba. Shekara biyu da suka wuce ya ɗanɗani kilishi a gidan biki, kafin mu kai bakin titi leɓensa ya kumbura, muryarsa ta dishe, sai a asibiti aka ceto shi. Tun daga nan muke yawo da allurar adirenalin guda biyu. Yanzu ga shi an ba mu biza, muna shirin kai yara Disney World, babban wurin wasa a Orlando ta Amurka, cikin watan Agusta, kwana shida. Babansu ya ce ko dai mu fasa, ni kuma ina tausayin yaron, shekara guda ke nan yana ƙirga kwanaki. A gida ni ke riƙe da tukunya, na san abin da ya shiga ciki. A can fa? Don Allah wanda ya je da irin wannan yaro, ko can ko wani wuri makamancinsa, ya faɗa min yadda ya yi.

Maman Zahra:
Wa alaikumus salam Maman Hanif, Allah ya ƙara masa lafiya. Kada ku fasa. Muna zaune a Amurka, 'yata ba ta shan madara, ba ta cin ƙwai da gyaɗa, kuma sau uku muna zuwa da ita.

Aikin daga gida yake farawa. Gidajen abincin da ake zama a kawo maka, ana iya kama musu wuri tun saura kwana 60, kuma a wajen kama wurin akwai inda ake rubuta abin da yaro ba ya ci. Ki rubuta, amma kada ki dogara da rubutun. Da kun zauna ki sake faɗa da bakinki, ki ce kina son ganin kuku. Ranar farko kunya ta kusa hana ni, ina ganin kamar zan tayar da mutum daga aikinsa saboda farantin yarinya ɗaya. Sai ga shi ya fito da 'yar takarda a hannu, ya durƙusa daidai kujerar Zahra, ita ya fara tambaya sunanta, sannan ya juyo yana bin abubuwan ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa. Ya ce dankalin da ake soyawa a babban kasko bai yarda da shi ba, zai gasa mata nata daban. Da abincin ya zo, shi kaɗai aka kawo, ba a haɗa shi da namu a tire ɗaya ba, an soka masa ɗan tsinke mai alama a kai. Duk farantin da ya zo mata babu wannan bambancin, mayar da shi nake yi in sake tambaya.

Su da kansu za su gaya miki ba su ɗauki alkawarin cewa babu abin da zai taɓa abincin ba, tunda kicin ɗaya ne. Gaskiya suka faɗa, shi ya sa allurar ba ta barin jikina.

Ana barin mutum ya shiga da abincinsa. Kwalba ce ba a so, da ƙanƙarar da aka zuba haka kawai a cikin kula, sai irin wadda ke cikin leda ko roba a rufe. Mu karin kumallo da na rana daga masauki muke haɗowa, sau ɗaya kawai muke ci a ciki. Idan za ki yi cefane, dokar ƙasar ta tilasta a bayyana abubuwa 9 a jikin kayan da aka ƙunshe: madara, ƙwai, kifi, su jatan lande da ƙaguwa, 'ya'yan itatuwa irin su kashu da almon, gyaɗa, alkama, waken suya, sai riɗi da aka ƙara a farkon 2023. Amma rubutun nan na "wataƙila ya haɗu da gyaɗa", ganin damar kamfani ne, ba dole ba ne. Rashin ganinsa ba shaida ba ce.

Baban Ilham:
Ni labarina ba mai daɗi ba ne, amma gara in faɗa ko wani zai tsira da shi. Ilham riɗi ne matsalarta, ko kantu ba a shigo mana da shi gida. Bara muka je wani babban wurin wasa a ɗaya daga ƙasashen Larabawa. Abin da ya cuce mu shi ne kwanciyar hankali. Ƙasar Musulmi, komai halal, sai muka saki jiki kamar tambayar halal ita ce tambayar duka.

Bayan azahar muka shiga wani ɗakin cin abinci na ɗebi-da-kanka. Layi ya yi tsawo, yaron da ke tsaye wajen abincin shi kaɗai ne, gumi na zuba masa. Na ce masa yarinyar ba ta cin riɗi, ya gyaɗa kai ya ce babu matsala. A raina na san bai fahimce ni ba, amma mutane na bayana suna jira, sai na yi kara na wuce. Na zuba mata shinkafa da gasasshiyar kaza. Ashe cokalin da ke kan kazar, wani ya ɗebi farar miyar nan ta tahina da shi ya mayar. Tahina kuwa niƙaƙƙen riɗi ne tsantsa, ita ake sa wa a humus da halawa da miyar shawarma.

Loma uku ta yi ta ajiye cokali, ta ce Baba harshena yana ƙaiƙayi. Sai ta fara sosa wuya. Allurar tana cikin jakar uwarta a kan tebur, ina ganinta, amma na ciro Piriton na ba ta, ina cewa bari mu gani. Tsoron allurar nake ji, in faɗi gaskiya. Minti kaɗan ta yi amai, tari ya sarƙe ta, na ji numfashinta yana fita da wani siririn sauti kamar usur. Uwarta ce ta fizge jakar, ta kwantar da ita a ƙasa tsakanin kujeru, ta danna mata a cinya ta kan wando. Wani ma'aikaci ya kira masu agajin wurin, aka wuce da mu asibiti, muka kwana.

Likitan bai yi min faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi min, minti nawa tsakanin ƙaiƙayin da allurar. Har yau in na tuna amsar da na ba shi sai jikina ya yi sanyi. Maman Hanif, in kin tambaya aka ba ki amsa da ka kawai, ba a amsa miki ba. Ki tsaya, ko layin zai kai ƙofa. Mu dai mun bar abincin ɗebi-da-kanka har abada. Wanda zai je ƙasar Larabawa kuma ya riƙe kalmomin nan: riɗi simsim, gyaɗa ful sudani, alaji hasasiyya. Lambar motar asibiti a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa 998.

Anti Bilki:
Malam, Allah ya saka wa Maman Ilham da alheri, ya raya muku ita. Ba kai kaɗai ba ne, a aikina na jinya na ga iyaye da yawa da suka tsaya a kan ƙwayar magani. Ni kaina jatan lande ke tayar min, don haka ta fuska biyu na san abin.

Piriton da 'yan uwansa ƙaiƙayi da kurajen fata suke kwantarwa, ba sa buɗe maƙogwaron da ya fara rufewa, ba sa ɗaga jinin da ya faɗi. Da an ga canjin murya, ko wahalar numfashi, ko kumburin harshe, ko jiri da yanke jiki, allura ce, a gefen cinya ta waje. Sai a kira agaji, a Amurka 911, ko da yaron ya warware, domin abin yana iya dawowa bayan awanni. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi wuya a bar shi ya zauna, amma kada a tsayar da shi, kada a ce ya taka zuwa ɗakin agaji. In minti biyar ta wuce babu sauƙi, a yi ta biyun. Dalilin guda biyun ke nan.

Maman Hanif, kafin tafiya ki kai shi a auna nauyinsa. Allurar iri biyu ce da aka fi sani, mai miligiram 0.15 ta ƙananan yara da mai miligiram 0.3 ta yaran da suka ƙara nauyi da manya, yaro ɗan shekara 7 yana iya kaiwa inda likita zai canza masa. In yana da asma a tabbatar ta kwanta kafin ku tashi, don tana ƙara haɗarin. Sannan zafi. Orlando a Agusta rana ce mai gumi, allurar kuma yanayin ɗaki take so, wajen digiri 20 zuwa 25. Kada a bar ta a mota, kada a sa ta a firji ko a jingina ta da ƙanƙarar kula. Akwai 'yar jaka mai hana zafi shiga, ita nake amfani da ita. Ki riƙa leƙa 'yar tagar da ke jikinta, ruwan ya zama garau, in ya canza launi ta lalace. A jirgi ta zauna a jakar hannu tare da takardar likita.

Nawa darasin kuwa wajen neman halal na same shi. In babu naman da na yarda da yankansa sai in ce a ba ni kifi, ashe a mai ɗaya ake soya shi da jatan lande. Ke kuma taki barazanar tana wajen abincin masu ƙin nama da madara, wanda mu Musulmi muke gudu gare shi. Cukunsu da kirim ɗinsu sau da yawa da kashu ake yi.

Maman Zahra:
Wallahi Anti Bilki kin taɓo wajen. Tambaya biyu ce, a yi kowacce daban.

Hajiya ta Faransa:
Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana. Jikana na kai Disneyland ta Faris, shi ma gyaɗa ce. A Turai abubuwa 14 doka ta ce mai sayar da abinci ya bayyana, ko ba a ƙunshe yake ba, don haka kina da haƙƙin cewa a nuna miki takardar. Na sa 'yata ta rubuta min kati da Faransanci, muka lulluɓe shi da roba, ina miƙawa in ce a kai wa kuku. Gyaɗa suna biyu gare ta a can, arachide da cacahuète, duka biyun muka rubuta. Akwai kuma wani wake da suke kira lupin, ana sa garinsa a wasu burodi da kek, kuma wasu masu alajin gyaɗa shi ma yana tayar musu. Likitan yaron ne ya ja kunnenmu a kansa. Katin nan ko a ƙasar da kike jin yarensu ki yi shi, saboda maganar baki tana canzawa kafin ta isa kicin. Lambar agaji a nan 112.

Abu ɗaya zan ƙara, a matsayina na kaka. Ku zaunar da manyan da za ku tafi da su ku yi musu bayani. Ni da kaina na daɗe ina cewa ɗan kaɗan ba ya komai, a gyaɗa muka tashi, kunu da ƙuli da miyar taushe. Sai da na ga yaron a gadon asibiti na daina.

Abu Sadik:
Ni gajere ne nawa. A wasu wuraren, manyan lilo masu gudun tsiya ba a hawa da jaka, sai an kulle ta a akwatin ajiya. Mun taɓa yin kusan awa guda a layi, alluran ɗana suna kulle can nesa, kuma bai daɗe da cin abinci ba. Ban san na yi ganganci ba sai da muka sauko. Yanzu babba ɗaya ke tsayawa da jakar a bakin fita, ko mu yi wa ma'aikacin ƙofa bayani tun kafin mu shiga layi. Kuma ruwan goge hannu mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ba ya cire gyaɗa daga hannu. Sabulu da ruwa, ko tsumman goge jarirai. Da shi muke goge tebur da hannunsa kafin ya ci komai.

Ummu Khalil:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda a ci komai a ciki ba. Gida muka kama mai kicin, na wanke tukwanen da kaina, na dafa komai. Kwana biyar Khalil bai sa abin wurin a bakinsa ba sai ruwan roba, kuma ya yi wasansa lafiya. Kuku mai kirki ne, na yarda, amma ba ɗansa ba ne. Sai dai ki kula da yajin da za ki tafi da shi, na kasuwa da wuya a rasa ƙuli a ciki, ki daka naki. Nama da kilishi kuwa kwastan ɗin Amurka ba sa bari a shiga da su.

Maman Zahra:
Ummu Khalil ban ga laifinki ba ko kaɗan, kowa ya san ɗansa. Abin da ya sa nake barin Zahra ta ci sau ɗaya, ina so ta koyi tambaya da bakinta tun ina kusa. A zuwanmu na ƙarshe ita ta miƙa katin, ita ta lissafa wa kukun abubuwan, ni ina sauraro kawai. Wata rana za ta fita ba ni.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Baban Hanif duka, labarin Ilham sai da ya sa na maimaita masa. Mun tsayar da shawara za mu tafi. Za mu canza masauki zuwa mai kicin, in riƙa dafa na safe da na rana, na dare kuma mu gwada wurin da ake zama, in ban gamsu da amsa ba mu tashi. Ranar Litinin za mu ga likita a auna shi, in kuma roƙe shi ya sake nuna wa babansa da yayarsa yadda ake danna allurar, don har yanzu ni kaɗai na iya. Anti Bilki, jakar hana zafin nan, tana ɗaukar guda biyu ko sai na sayi biyu?

Anti Bilki:
Tawa tana ɗaukar biyu har da maganin shaƙa na asma. Ki nemi mai igiyar ɗaurawa a ƙugu, kada ki sa ta a keken tura yaro, don ana ajiye shi a waje cikin rana duk lokacin da za a shiga layi.