Man kurkur na 'yar kwalba ko na roba? Biki saura wata biyu

Amaryar Bayan Sallah:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah wadda ta taɓa amfani da man kurkur ta taimaka min. Bikina saura wata biyu, kurajen fuska sun mutu amma sun bar min baƙin tabo a kumatu da haɓa. Ƙawar yayata tana saida tataccen man kurkur, irin wanda ake cewa esenshal oyil, 'yar kwalba 10ml wai dubu sha biyu, shi ruwansa garai-garai ne sai ƙamshi mai ƙarfi. A kasuwa kuma naga wani rawaya sosai a babbar roba dubu biyu da ɗari biyar. Dubu sha biyar ce kaf a hannuna kuma a ciki zan sai sabulu. Ni ba fari nake nema ba wlh, baƙa ce ni kuma ina son kalata, tabon kawai nakeso ya dushe. Sannan fatata bata da juriya, ko turare ne ya taɓa wuyana sai ƙaiƙayi. Wanne zan siya, ko in haƙura da duka?

Maman Ilham:
Wa'alaikumus salam amarya, Allah ya sanya alheri. Ki samu garin kurkur da madarar gari da zuma ki kwaɓa ki dinga shafawa kullum, sati biyu zaki ga kinyi haske fes.

'Yar Maiduguri:
Wane irin mai kuma ana zaune ƙalau? Amarya dilka da halawa take buƙata, a ɗora da turaren jiki. Mu a wajenmu sati biyu ake killace ta ko ƙofar gida bata leƙawa, ranar da ta fito ke kanki sai kin sake kallonta.

Hajjo:
Ni dai na roban nan na taɓa laftawa da daddare na kwanta, da asuba maigida ya haska fuskata da waya sai ji nayi yana salati, wai tashi mu tafi asibiti ciwon shawara ya kama ki 😂 Filo da zanin gadon kuwa har yau basu dawo daidai ba.

Ummu Nana:
Hajjo ke kin samu abin dariya, ni kuka nasha. Amarya ki saurare ni da kyau dan Allah. Nima haka na fara, tabon kuraje kawai, ana saura wata uku bikina. Wata mai saida kayan gyaran jiki a onlayin ta rantse min da Allah nata zallar kurkur ne da man kwakwa, ba kemikal ko ɗigo, na tura mata dubu takwas. Ba'a rufa sati biyu ba fuskata tayi luwai-luwai, tabo ya ɓace, kurajen ma ɗif, kowa sai tambayata yake me nake shafawa, har ƙawayena biyu na haɗa da ita, wannan shi yafi ci min rai har yau. Roba ta biyu na ƙarewa kuɗi suka yanke saboda hidimar biki sai na tsaya, ai kuwa kamar jira ake, fuskata ta ɗau zafi kamar an watsa min barkono, tayi jawur, ƙananan kuraje suka feso har wuya, kumatuna kuma jijiyoyi suka fito kore-kore ana gani. Ranar kamu da mayafi na wuni a rufe, mutane na cewa amarya akwai kunya, basu san hawaye nake ba don hodar ma zafi take min. Wata gwaggon ango da ta ɗaga mayafin cewa tayi au dama 'yar bilicin ce, a gaban jama'a, ni da ban taɓa siyan man bilicin da hannuna ba. Bayan biki da mukaje wajen likitan fata tana kallona tace wannan aikin siteroyid ne, wani magani mai ƙarfi, an zuba shi a cikin man an rufe da kalar kurkur. Na kira matar tace ai fatata ce bata karɓa ba, da na matsa sai tayi bulokin ɗina. Yanzu ɗiyata har ta fara tafiya amma kumatuna sunfi sauran fuskar duhu, in na shiga rana kamar zan ƙone. Ban yafe mata ba.

Maman Ilham:
Innalillahi. Allah ya saka miki Ummu Nana, wlh jikina yayi sanyi.

Hajiya Babba:
Allah ya isar miki 'yata. Mu da muka taso gangamau muke ce masa, ɗanye ake siyowa a daka a turmi ana gani, ba ruwanmu da kwalba. Duk abinda ba'a haɗa a gabanki ba to ki ji tsoronsa.

Anti Famasi:
Sannu Ummu Nana, irin naki muna gani sosai a shago. Duk man da ya goge tabo cikin sati biyu to ba kurkur ne yayi aikin ba, galibi sinadaran bilicin ne irin clobetasol ko hydroquinone aka cakuɗa, shi yasa a 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiya a ƙasar nan. Amarya bari in dawo kan tambayarki. Mayukan nan biyu ba abu ɗaya bane. Na 'yar kwalbar da tururi ake tatso shi daga saiwar kurkur, abinda yafi yawa a ciki sinadarin turmerone ne, shi kuwa curcumin mai bada kalar rawayan baya bin tururi, shi yasa kika ganshi garai-garai. Na robar in na gaskiya ne garin kurkur aka jiƙa a wani mai, in ba na gaskiya bane kuma kala ce kawai. Yawancin binciken da akayi kan tataccen man a ɗakin gwaji ne da jikin dabbobi, an ga alamun yana rage kumburi yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, amma wannan bai kai ace zai goge tabo a wata biyu ba. Tabon kuraje a baƙar fata watanni yake ɗauka, kuma rana ce take ƙara masa duhu. In kin siya kar ki kuskura ki shafa shi zalla, ɗigo ɗaya a cikin ƙaramin cokali na man da fatarki ta saba dashi, ki gwada a cikin hannu ki jira kwana biyu. Amma ke da ko turare yake tada miki ƙaiƙayi, ni da ƙanwata ce ke cewa zanyi ki sa kuɗin a man kariya daga rana ki bar fuskar ta huta.

Mai Gyaran Amare:
Anti da girmanki amma ku 'yan boko komai sai kunce ba'a yi bincike ba. Shekarata sha huɗu ina gyaran jiki, amaren da suka bi ta hannuna Allah kaɗai ya san adadinsu, da kurkur nake aiki kuma ba wadda ta dawo da kuka. Ke fuska nawa kika taɓa gyarawa? Kuma 10ml dubu sha biyu cuta ce, ni dubu huɗu da ɗari biyar nake saro shi a Sabon Gari.

Ummu Nana:
Wadda ta cuce ni ma cewa tayi ba wadda ta taɓa dawowa da kuka. Ta ina zamu dawo bayan an yi bulokin ɗinmu?

Mai Gyaran Amare:
A'a baiwar Allah kar ki haɗa ni da ita, ni shagona a buɗe yake kowa ya san gidanmu.

Maman 'Yan Biyu:
Dubu huɗu da ɗari biyar? To wlh ba na asali bane. Ni a Abuja dubu ashirin da biyar na siya, kwalbar gilashi mai duhu harda takarda a ciki. Gwiwar mamanmu nake shafawa da man zaitun tace tana jin sauƙi. Har ɗigawa nake mata a shayi.

Anti Famasi:
Maman 'Yan Biyu dan girman Allah ki daina ɗiga mata a shayi. Shafawa daban sha daban. Ko ƙwayoyin kurkur na kanti an samu waɗanda suka taɓa musu hanta, a Italiya an samu irin haka a 2019, hukumar magunguna ta Ostareliya ma ta fitar da gargaɗi a 2023, musamman waɗanda aka haɗa da sinadarin masoro don jiki yafi zuƙa. In mama tana shan maganin tsinka jini irin warfarin ko tana da tsakuwar matsarmama abin yafi haɗari. Wanda ake zubawa a miya ba shi nake nufi ba. Mai Gyaran Amare ni ban raina sana'arki ba, ke amaren kike gani ranar da suka yi kyau, ni kuma wajena suke zuwa bayan wata uku.

Ɗaliba a Indiya:
Ni abin dariya yake bani in naji kuɗin nan, a nan kurkur kamar ƙasa yake, su suke noma mafi yawan na duniya, akwai garuruwa irin Erode da Nizamabad da kasuwarsa kawai aka sansu da ita. Kafin ɗaurin aure suna da bikin haldi, dangi su taru su shafe ango da amarya da kwaɓaɓɓen kurkur, kuma gari suke kwaɓawa, banga suna ɗiga na kwalba ba. Amma garin ma a kula, a Bangaladash masu bincike daga jami'ar Stanford sun gano a 2019 ana zuba masa kala mai gubar dalma don yayi rawaya sosai. Maganar Hajiya Babba ta siyan saiwar a daka tana kan hanya.

Hajiya Babba:
Kun gani ko, sai da 'yar Indiya ta faɗa sannan zaku yarda.

'Yar Maraɗi:
Mu nan jikka biyu ne kwalbar, wato sefa dubu biyu, amma daga Kano ake kawo shi, to ya akai ya fi araha a nan? Ni abin ya ɗaure min kai.

Hajjo:
Ƙila a hanya yake haihuwa 😂

Maman Ilham:
Ni wlh maganar gwaggon angon nan ce ta tsaya min. Su ne fa ummul aba'isin duk abin nan. A kawo amarya baƙa suce ba'a gyara ta ba, a kawo ta tayi haske suce 'yar bilicin. Ƙanwata da aka kai ta wata a dangin mijin cewa tayi wai ko iyayenta basu da kuɗin dilka ne, yarinya ta kwana tana kuka.

Mai Gyaran Amare:
Wannan gaskiya ne. Uwar amarya zata zo ta ce min Hajiya so nake ta canja kala kafin sati biyu, in nace dilka bata canja halitta sai ta kwashe 'yarta ta kai inda za'a yi mata haɗi. Kuma angwayen yanzu ko sisin gyaran jiki basa bayarwa, sai dai baki.

Amaryar Bayan Sallah:
Nagode sosai 'yan uwa, Ummu Nana Allah ya baki lafiya. Amma har yanzu kaina a ɗaure yake, ƙawar yayar tawa ta kira tace saura kwalba biyu in tura kuɗi yau. Anti Famasi man kariya daga ranar nawa yake, kuma baya sa baƙar fata tayi toka-toka?

'Yar Maiduguri:
Tsaya tukuna, wai da gaske a Kano ango baya bada kuɗin gyaran jiki? To wa yake biya, uban amarya bayan gado da kujeru da gara?

Maman 'Yan Biyu:
Mu dai a gidanmu a cikin lefe ake sakowa, nawa ma sai da yayarsa ta zare rabi kafin akwatunan su iso.