Neman kalma: "tariff" da "public hearing" a shirin kuɗin wuta

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe 9 na safe zan shiga shiri kan ƙarin kuɗin wuta. Kalmomi biyu sun tsaya mini: "tariff" da "public hearing". Idan na ce "kuɗin wuta", mai sauraro zai ɗauka bil ɗin ƙarshen wata nake nufi. A taimaka.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ki raba su, Hajiya. Bil shi ne kuɗin wuta. "Tariff" kuwa farashin yunit ɗaya ne, sai ki ce "farashin yunit". Yunit ɗaya shi ne abin da ƙwan fitila mai wat 100 zai sha cikin awa 10. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin 'yan rukunin A (wato "Band A", masu samun wuta mafi yawa) daga wajen naira 66 zuwa 225, daga baya ya sauko ƙasa da 210. Ga yadda zai shiga kunnen mutum: a kan 225, idan aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5, katin naira 10,000 yunit 41 zai ba ka. A tsohon farashi wajen 140 ne.

Malamin Hausa: Yunit ba Hausa ba ce. Muna da mudu, kowace uwargida ta san shi. Ni "mudun wuta" nake koya wa ɗalibaina, "tariff" kuma "farashin mudun wuta". Don me za mu yi aro alhali rumbunmu cike yake?

Injiniya: Allah gafarta Malam, mudu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na wata kasuwa ya fi na wata, ga tozo, ga shafe. Yunit ɗaya ne a Kano da Legas. Kuma rasit ɗin da mutum ya riƙe kWh ne a jikinsa, wato yunit, mai sayar da katin ma "yunit" zai ce masa. Wanda ya je ofis yana ƙorafin an rage masa mudu ba zai samu mai gane shi ba.

Malamin Hausa: Haka aka ce lokacin da aka kawo "na'ura mai ƙwaƙwalwa". Raina harshe ne kawai, mun fi jin daɗin bakin Bature.

Tsohuwar 'yar jarida: Malam, lantarki ma aro ce, haka mita, haka fanka, ba wanda ya ce sun rage wa Hausa daraja. Har yau "Nepa ta ɗauke" ake cewa, ga shi sunan ya daɗe da gushewa a takarda.

Malamin Hausa: Waɗancan sun shiga tun ba masu tsaron ƙofa. Yanzu akwai.

Mai shirin rediyo: Don Allah a dawo kan ta biyun, dare na yi.

Tsohuwar 'yar jarida: A labarai "zaman jin ra'ayin jama'a" muke cewa, wasu "jin bahasi". Na fi son bahasi a nan. Ra'ayi kowa na da shi, a faɗa a watse. A wannan zaman kamfani ne ke kare ƙarin da ya nema da alƙaluma, masu amfani da wuta su ƙalubalance shi, hukuma ta rubuta. Rashin tuntuɓa kafin ƙarin na cikin ƙorafin da ya sa ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka tare ofisoshin NERC da na kamfanonin rarraba wuta a Mayun 2024.

Injiniya: Bahasi na da warin kotu, wasu za su ji tsoron zuwa. Kowacce aka ɗauka, ki gaya musu abin da za su riƙo. Rukuni na layin da ke ba unguwa wuta ne, ba na gida ba: A awa 20 a rana aƙalla, B 16, C 12, D 8, E 4. Mutum ya samu littafi ya riƙa rubuta lokacin kawowa da na ɗaukewa har wata guda, ya haɗa da rasit da lambar mita. Inda ake faɗuwa ke nan, a zo da fushi ba takarda. Ƙorafi kuma daga sashen ƙorafi na kamfani ake farawa, in bai biya ba sai ofishin sasanci na NERC.

Malamin Hausa: "Rukuni" na yarda. Bahasi ma Larabci ne, amma ya zauna. Mudu kuwa ban janye ba.

Mai shirin rediyo: Na gode ƙwarai. Na ɗauki "farashin yunit" da "rukuni". Ta biyun zan ce "zaman jin bahasin jama'a" a karon farko tare da bayani, daga nan "zaman" kawai. Malam, zan ambaci mudu sau ɗaya wajen kwatanta yunit.

Malamin Hausa: Sau ɗaya ya yi kaɗan. Amma ki faɗe shi da kyau, kuma kafin yunit, ba bayansa ba.